Kwikwiyon Bakin Tasha

Kafanchan

Yaya Serah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikarki Lucia? Ga kwikwiyo na aiko da direba, ya tsare miki awaki.

Na fara zuwa garin Gidan Waya, wurin Madam Hulda mai kiwon karnuka. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa shan jarrabawa irin tata ba. Akwai katanga? Akwai yara? Don gadi nake so ko don tukunya? Ta nuna mini uwar 'yan kwikwiyon, ta ce in jira wata guda a yaye su. Ko neman aurena bai kai haka ba. A bakin tasha na sami mutumin kirki, ya sayar mini da wannan, bai tambayi ko sunana ba, har da katin rigakafi.

Ƙaninki,
Nelson

Samaru Kataf

Nelson,

Ina gaisuwa. Kwikwiyonka ya ciji Lucia a yatsa. Na wanke da sabulu. Tun jiya ba ya cin abinci, yana dalalar da miyau, yana cizon ƙafar kujera. Nas ta ce a tambayi mai shi ko uwar lafiya take. Lambar da ke katin ba ta shiga. Ga katin. Kada ka amsa mini da ba'a.

Yayarka ce,
Serah

Kafanchan

Yaya,

Ina gaisuwa, a gurguje. Mutumin ya ɓace, 'yan tasha sun ce ba su san shi ba. Na cire hula na koma wurin Hulda. Ta ce katin ƙarya ne, ba a yi wa kare mai sati huɗu allurar haukan kare. Ta tambaye ni, “Malam, ka ga uwar?”

Ki kai Lucia asibiti yau, a fara mata allura. Yau, Yaya, kada ki jira alama. Ki kulle kwikwiyon, kada kowa ya taɓa. Gobe muna tafe da likitan dabbobi.

Ki gafarce ni.
Nelson

Samaru Kataf

Nelson,

Gaisuwa. Kwikwiyon ya mutu kwana biyu bayan tafiyarku. Likita ya tabbatar, cutar ce. Lucia ta gama allurarta, jiya ma ta yi waƙa a coci.

Na nemi wani kwikwiyo wurin Hulda, ta aiko da tambayoyinta, na amsa duka. Ta ce in zo in ga uwar da kaina. Kai ka yi zamanka.

Allah ya kiyaye,
Serah