Na Yanke Shawarar Harbe Kaporal

Tanti Zélie, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Alhamis mai zuwa, domin in ta zo ban ji daga gare ki ba, abin da zuciyata ta yanke shi zan aikata. Duk sunayen da zan ambata na aro ne, ban da na karen. Shi ba ya karanta jarida.

Ni maharbi ne, kuma ɗan kasuwa. A tsakiyar mako nake harbo barewa, matata Honorine ta niƙa naman da tafarnuwa da barkono, ta ɗura a hanji, mu kyafe. Ranar Asabar in baza shi a tebur a kasuwar Bourail. Ba yabon kai ba, na iya ciniki. Na taɓa sayar wa mutumin da likita ya hana cin gishiri, ya tafi yana yi mini godiya. Da wannan sana'ar muke ci, da ita yara ke makaranta.

Sai dai dutsen da nake farauta ba nawa ba ne. Kakana daga Java ya zo haƙar ma'adinai, bai bar mana ko taki ɗaya na ƙasa ba. Dutsen na su Kawu Barnabé ne, yayan mahaifiyar matata. Bayan aurenmu na je gabansa yadda aka saba, da ƙyallen atamfa da ake kira manu da taba a hannu, na sunkuyar da kai na roƙa. Ya dafa ƙyallen ya ce in hau. Tun daga nan ban taɓa saukowa da nama ban ajiye masa kafaɗa ba.

To, Tanti, karnuka ne suka sa ni gaba. Biyar ne ko shida, ya danganta da wanda ya tashi da wuri. Shugabansu wani ja ne mai yagaggen kunne, Kaporal. Ba ɗauri, ba igiya, dutsen nan kamar gadon ubansu. Makon jiya na hau tun da sassafe, iska tana busowa ta gabana, na ji wani babban namijin barewa yana ruri a kwari. Na yi rarrafe a cikin ciyawa har gwiwoyina suka saɓule. Na gan shi, ƙahonsa kamar reshen bishiya. Yatsana na kan kunamar bindiga ke nan sai ga Kaporal da jama'arsa sun ɓullo da haushi. Ko jelar barewar ban sake gani ba. Shi kuwa ya zo ya zauna a gabana yana kaɗa wutsiya, kamar yana jiran in ce masa sannu da aiki.

Ranar da na yi sa'a na harba ma ban tsira ba. Da sun ji ƙarar bindiga, kafin in tsallaka kwarin sun riga ni zuwa. Akwai ranar da na tarar sun yage cinya guda, kin san kuwa cinya ita ce ribar. Kuma ba rowa nake yi musu ba. Kamar kowane maharbi, a bakin rafi nake feɗewa, in bar kayan ciki da kai da fata a nan, don babu mai hankalin da zai sauko da wannan nauyin daga kan dutse. Duk su ke cinyewa. Amma wannan sadakar ba ta ishe su ba. Yanzu ko ƙarar bindigar ba sa jira, da sun ji motata ta wuce ƙauye sai su biyo ni a guje.

Kada ki ce ban nemi sulhu ba. Na je wurin Kawu. Na tsaya da mota a ƙofar gidansa, ban ma kashe injin ba saboda akwai nama a baya kuma rana ta fara zafi. Na leƙo ta taga na ce, “Kawu, karnukan nan naka za su kashe mini sana'a, a ɗaure su mana.” Ya kalle ni ya ce, “Suruki, ni ba ni da kare ko ɗaya. Ka je ka tambayi mai su.” Kaporal kuwa yana kwance a ƙarƙashin kujerarsa a lokacin! Mai su da yake nufi ɗansa ne Sylvère, wanda ya rasu bara a haɗarin mota. Shi ne ke farautar aladen daji da su. Ki gaya mini, in ba raini ba, wa ake turawa ya tambayi mamaci?

Da na kawo wa Honorine ƙara, abin da ta ce kawai shi ne, “Ka jira a ɗage makoki.” Na ce ai ɗage makokin ne ya hana ni jira. Ƙarshen wata mai zuwa za a yi taron cikar shekarar Sylvère, dangi za su zo har daga gabar gabas. Ranar da aka zauna rabon aiki, wannan ya ce doya, wancan ya ce kifi, ni kuma bakina ya riga hankalina, na miƙe a gaban maza na ce barewa uku a wuyana. Yanzu duk wanda ya gan ni a hanya sai ya ce, “Ɗan kasuwa, ina barewarmu? Ko ita ma sai Asabar?” In na zo hannu wofi, ba zan sake ɗaga kai a ƙauyen nan ba. Teburina ma ya fara zama rabi.

Abokina Gaëtan, mai kiwon shanu a wata gona da ke ƙasa da mu, ya ce abin ba wuya: in barbaɗa guba a kayan cikin da nake bari, kafin Lahadi an gama. Ya ce su ma sun yi asarar ɗan maraƙi. Gubar ba ta kwanta mini ba. Amma harsashi ɗaya, a kan Kaporal kaɗai, wannan na yanke. In babu shugaba sauran za su watse. Shebur ma na riga na saka a mota.

Abin da ya rage mini shi ne: in na gama, in binne in yi shiru, ko in je in gaya wa Kawu ido da ido? Tunda da bakinsa ya ce ba shi da kare, ina ganin babu wanda na yi wa laifi. Ko ba haka ba?

Maharbin da aka kai bango, daga bayan Bourail

*

Ɗana,

Fitar da shebur ɗin nan daga mota tukuna, sannan ka zauna mu yi magana.

Zan fara da inda kake da gaskiya, don kana da ita. Karen da ke yawo a daji ba abin wasa ba ne. Yana tarwatsa farauta, yana kama 'ya'yan barewa da maruƙa, har tsuntsun kagu da ba ya iya tashi bai bari ba. Abincin yaranka ne ake yi wa ɓarna, kuma alkawarin da ka yi a gaban maza ba ƙaramin kaya ba ne. Ban raina fushinka ba.

Amma na yi shekaru ina sayar da ƙaguwa a kasuwar Nouméa kafin in fara rubutu a jarida, na san fuskar mai ciniki da ya riga ya zaɓi kaya yana son in ce masa shi ne mai kyau. Kai ba shawara ka zo nema ba, hatimi ka zo in buga maka. Ba zan buga ba.

Gubar Gaëtan ka manta da ita. Guba ba ta tambayar sunan wanda ya ci, kuma a bakin rafi ya ce ka zuba, rafin da ke gangarawa ƙauyen surukanka. Batun abin da doka ta ce game da harbin kare kuwa, ni ba lauya ba ce, ka tambayi jandarmomi. Amma ko da sun ce maka babu komai, ba su ke da dutsen ba. Wanda ya ce ka hau, shi zai ce ka sauka, kuma ba ya bukatar takarda.

Yanzu ka sake karanta wasiƙarka a hankali. Ka ce tsoho ya raina ka. Ni kuwa gani nake gaskiya tsagwaronta ya gaya maka. Ka daɗe cikin mutanen nan, ka san a gidaje irin nasu ba a taɓa abin mamaci sai an ɗage makoki. Ka san haka game da bindigar Sylvère da rigunansa, amma da yake kai rainon gari ne, bai zo maka a rai cewa kare ma yana cikin kayan ba. A wurin Kawu kuwa, karnukan suna cikin kayan. Ba zai ce nasa ne ba, ba zai bayar ba, ba zai yi musu hukunci shi kaɗai ba. Abin da matarka ta gaya maka ke nan a jimla ɗaya, kai kuma ka ji kamar kora ce. Kuma karen da ke kwance ƙarƙashin kujerar nan, shi da sauran su ne abu na ƙarshe na ɗansa da ke numfashi. Wato so kake ka kashe karen marigayi don ka kai nama taron marigayi. Kana ganin akwai wanda zai ci?

Kada kuma ka yaudari kanka da binnewa a ɓoye. Duk ƙauyen sun san motar wa karnukan ke bi.

Me ya sa suke bin ta? Shekara guda ke nan babu mai kai su farauta, babu mai kula da cikinsu. Sai ga wani bawan Allah da ke hawa dutse kowane mako, ya buga bindiga, ya shimfiɗa musu hanta da tumbi a bakin rafi. Ɗana, kai ka koya musu. Ƙarar bindigarka kiran cin abinci ce, motarka kuma ta mai rabo. Kaporal da ya zauna yana kaɗa maka wutsiya ba tsokana yake yi ba. Ya ɗauka ya sami sabon ubangida.

Ga abin da za ka yi. Ka koma wurin Kawu, amma wannan karon ka kashe inji, ka sauko, ka bar motar nesa. Mutumin da ka taɓa zuwa gabansa da kai a sunkuye, ta taga ka yi masa magana kamar mai sayen rake a bakin titi! Amsar da ka samu daidai take da sallamar da ka yi. Ka tafi da manu da taba, ka tafi da Honorine. Ka fara da neman gafarar tagar nan. Kada ka ce “karnukanka”, ka ce “karnukan Sylvère”. Kuma kada ka nemi a hukunta su. Ka roƙi izinin ka riƙa ciyar da su har zuwa taro, kuma ranakun da za ka hau neman naman taron, a bar su a cikin shinge daga asuba zuwa hantsi. Shingen kai za ka kafa, da wayarka da guminka. Wannan ba taɓa kayan mamaci ba ne, kula da su ne, kuma ina kyautata zaton tsoho zai ji bambancin.

Daga nan ko ƙyallin hanji kada ka sake bari a kan dutse. Ka sayi bokiti mai murfi, ka sauko da shi. Na san da nauyi, amma bai kai nauyin neman wani dutsen ba. A ƙofar gidan Kawu za ka juye musu, nan kaɗai, kullum. Kare ba wawa ba ne. In ya gane abinci gida yake zuwa, ba zai wahalar da kansa hawa dutse ba. Ba zan ce maka a mako ɗaya za su canza ba, don haka ka koma ɗaya gefen dutsen na ɗan lokaci. In kuma duk da haka barewa biyu ka samu, ka faɗa da wuri. Za a yi maka dariya, dariya kuwa tana wucewa.

Idan daga baya ka ga wasu karnukan da ba na kowa ba, waɗanda suka zama na daji sosai, ka kai maganar gaban dattawan ƙauye da ofishin magajin gari, a yanke tare. Kada ka zama alƙali kai kaɗai a ƙasar da aka ara maka.

Sauran abu ɗaya, kuma a nan ɗan kasuwar da ke cikinka nake yi wa magana. Ranar da aka ɗage makoki aka zo raba kayan Sylvère, ka miƙe kamar yadda ka miƙe wancan karon, ka roƙi a ba ka Kaporal. Karen da ke gano inda ka ɓuya tun gari bai gama wayewa ba, kuma yake riga ka isa kan barewar da ta faɗi a kwari, hanci ne da shi wanda kuɗi ba sa saye. Ka koya masa tafiya da igiya, ka ga ko za ka sake rasa barewar da ta gudu da harsashi. Ka yi shekara kana biyansa albashi, lokaci ya yi da zai fara aiki.

Wannan taurin kan naka ina son sa, ka juya shi kawai ya fuskanci ƙofar Kawu. Allah Ya jiƙan Sylvère, Ya ba tsoho haƙuri, Ya cika maka barewarka uku. Ka gaishe mini da Honorine, kuma nan gaba in ta yi magana gajeriya, ka tsaya ka ji.

Tanti Zélie