Bindigar da Na Sayo Don Kumandan

Litinin, 12 ga Mayu

Tattabarun Baba sun mutu. Duka, in ban da ƙaramarsu, Auta.

Na dawo daga fadama da hantsi na tarar da su zube a tsakar gida, wasu a gindin randa, wasu a bakin tukwanen da suke kwana ciki. Matata Hawwa na tsaye da tsintsiya, ta rasa ta inda za ta fara. Na tsaga wuyan ɗaya, sai ga gero ja wur, irin shuka da aka cuɗa da magani. Wa ya shanya iri mai magani a kan rumfa, ba ko rufi? Hashimu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ya san nan suke sauka kullum. Nasa tattabarun kuwa suna kulle tun safe. Wai dace ne.

Ina ƙarami Baba ya ɗauko kakanninsu daga garin Tanda a cikin kwando. Da ya rasu, 'yan'uwa suka yi ta kan gona, ni na ce a bar mini tattabaru.

Ina durƙushe ina tattara su, sai ga kan Hashimu ta saman katanga. "Taubashi, yau farfesu ke nan? A tuna da maƙwabta." Ya ƙara wata magana bayan haka, ban ji ba, kunnena ya toshe.

Talata, 13 ga Mayu

Na binne su bayan rumbu. Hawwa ta ce Hashimu ɗan goggona ne, taubashina, ba a fushi da wasan taubashi, kuma bai ga yawansu ba lokacin da ya yi maganar. Na ce ta rufe mini baki. Tun muna yara yake zagina ina ramawa, ko a jana'izar Baba sai da ya ce na fi gawar muni, kuma na yi dariya. Wannan dabam ne. Allah ya isa.

Asabar, 17 ga Mayu

Auta ba ta ci. Ta zauna kan tukunyar uwarta tana ta kuka ita kaɗai. Ruwan ƙasa ce mai farin wuya, duk jinin Tanda haka suke.

Laraba, 21 ga Mayu

Ta tafi. Kuma ina ta tafi? Gidansa! Farin namijin nan nasa, wanda yake kira Kumandan, kwana da kwanaki yana zuwa kan katanga yana kumbura wuya yana juyi. Yau da idona na ga ta bi shi cikin tukunya. Ya kashe mini garke, ragowar ɗayar ma tsuntsunsa ya janye ta.

In Kumandan ya mutu, za ta dawo gida. Tattabara in ta rasa miji tsohon wurinta take nema. Kuma Hashimu zai ɗanɗana. Ya fi son tsuntsun nan da babur ɗinsa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na yi magana da Alassan ƙanen Hawwa, shi da ke sayar da kayan farauta a Yamai. Na ce bindigar iska nake so, saboda ɓeraye da tsuntsayen jan-baki a shinkafa. Ya yarda, bawan Allah.

Ya ce iri biyu ne. Akwai mai tulun iska a ƙarƙashi, ana buga mata iska kamar tayar keke, in ka harba ko motsi ba ta yi, amma in roba ɗaya ta lalace sai an maida ta Yamai. Akwai mai karyawa: ka karya bututun a gwiwa, ka sa ɗan dalma, ka mayar. Wannan wani ƙarfe mai naɗi ne a cikinta, rasor yake ce masa, shi ke tura iskar. Ba ta son famfo, ba ta son komai. Na ce a cikin masu karyawa wacce ta fi ƙarfi? Ya ce, "Yaya, ɓera fa ka ce." Na ce ɓerayen garinmu Gaya manya ne.

Litinin, 2 ga Yuni

Hawwa ta jiyo daga Zara matar Hashimu wai Auta ta yi ƙwai biyu. Wai Hashimu ya ce a gaya mini al'adar masu kiwo tana nan: in sun ƙyanƙyashe, ɗan shila ɗaya na mai mace, ɗaya na mai namiji. Ji rainin hankali! Zai raba mini abin ubana. Na ce ta gaya wa Zara ba rabo nake jira ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Rabon naman layya. Zara ta kawo cinya guda, na ce a mayar. Da yamma na ci miya ta yi mini daɗi, na ce wannan na wa? Hawwa ta yi kamar ba ta ji ba. Ban sake tambaya ba, amma ban ƙara loma ba. To, na ƙara biyu.

Laraba, 11 ga Yuni

Bindigar ta iso a motar Yamai, naɗe cikin buhu. Kai! Baƙa siɗik, ga nauyi. Alassan ya haɗo da ɗan madubin hange na ɗorawa a sama, ƙarami, bai fi tafin hannu tsawo ba. Na leƙa, bai jawo abu kusa yadda nake so ba. Ni kan Kumandan nake son gani ya cika mini ido.

Juma'a, 13 ga Yuni

Bayan masallaci na sami wani ɗan Malanbil, garin nan na tsallaken kogi, da ke haurowa da kayan gwanjo. Yana da madubi babba, ya ce daga kan bindigar manyan dabbobi aka cire shi. Na leƙa ta ciki, sai ga ƙadangare a bangon kasuwa har ina ganin yana ƙifta ido. Na saye. In ya jure bindigar kashe ɓauna, ta iska me za ta yi masa?

Na tura wa Alassan hoto don ya yaba. Sai ga saƙon murya har uku. "Yaya, cire shi. Bindigar manyan dabbobi baya kawai take shuri. Taka in ta yi baya sai ta sake fizgowa gaba, cikin madubin ba a yi shi don haka ba, a hankali za ta kwance shi. Ƙaramin da na ba ka don ita aka yi shi." Kuma wai kada in matse ta, in ɗora ta a tafin hannu in bar ta ta yi motsinta.

Yaron da bai taɓa kashe ko kurciya ba. Baba da bindigar toka ya koya mini: matse ta a kafaɗa, in ba haka ba ta karya maka haƙori.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na tafi bakin kogi da gwangwanin tumatir. Da fari dalma ko'ina yake zuwa. Na yi ta murza 'yan maɓallan madubin har layukan nan biyu da suka gicciye suka yarda da bututu. Kafin la'asar gwangwani ya zama rariya. Duk harbi ina ce masa, "Ga farfesunka."

Shurinta wani iri ne, ba zafi, sai dai girgiza har cikin haƙora.

Laraba, 18 ga Yuni

Kullum bayan noma ina bakin kogi. Gwangwanin dalma na fari ya ƙare. Masunta sun fara tsayawa kallo, ɗaya ya tambaya da yarensu na Dandanci ko yaƙi za a yi. Sau ɗaya zan samu, in na kuskure Hashimu zai kulle Kumandan har abada, dole hannu ya faɗa.

Asabar, 21 ga Yuni

Ƙwan Auta sun ƙyanƙyashe jiya, in ji Hawwa. Ta faɗa tana kallona. Na ce me ya dame ni.

Na yi tunani kaɗan a gona. In uban ya mutu uwar za ta ciyar da su, sa'annan in sun tashi ta dawo da su gidana duka. Ya ma fi.

Litinin, 23 ga Yuni

Madubi ya ja baya a maƙalarsa, har ya bar sawu a fenti. Na tura shi gaba na ɗaure kusoshin da ƙarfi har hannuna ya yi ciwo. Na sake saiti. Wasu sun shiga tsakiya, wasu sun zame hagu. Iska ce daga kogi.

Talata, 24 ga Yuni

In na girgiza ta ina jin wani abu ƙas-ƙas a cikin madubin, kamar ƙwayar gero a ludayi. Na yi niyyar kiran Alassan. Don ya ce me? "Na gaya maka." A'a.

Laraba, 25 ga Yuni

Hashimu zai tafi ƙauyen Bana gobe da asuba, suna ake yi. Na ji Zara na faɗa. Na zare bulo ɗaya a bangon rumbu, daga nan katanga tana fili. Da safe Kumandan da Auta suke fitowa shan hantsi, shi a dama ita a hagu, tsakaninsu kamar taƙi guda na hannu.

Hawwa ta ce, "Malam, ɓerayen nan dai a kan katanga suke kwana?"

Alhamis, 26 ga Yuni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 27 ga Yuni

Jiya ban iya rubutawa ba.

Sun fito yadda na sani. Na matse bindigar a kafaɗa sosai. Kan Kumandan ya cika madubi, jan idonsa na kan gicciyen layukan daidai, wallahi daidai, ban yi rawa ba, na riƙe numfashi. Na ja kunama.

Ya tashi fir. Na ɗaga kai ina zaginsa, sai na ga gashi mai ruwan ƙasa yana saukowa a hankali. Ta faɗo ta wajena. Ta gidana ta faɗo. Na ɗauke ta da ɗuminta, dalma ya shiga ƙarƙashin farin wuyan. Ta buɗe baki sau ɗaya.

Hawwa ta fito da gudu, ta ga abin da ke hannuna, ta koma ɗaki. Na fi son da ta zage ni.

Na kwance madubin na girgiza, gilashin ciki yawo yake yi. Harbin da na yi ta yi a bakin kogi don kada in kuskure, shi ya wargaza shi. Na buga shi da turmi. Ɗan Malanbil, Allah ya isa. Hashimu, Allah ya isa, da bai shanya guba ba da duk haka ba ta faru ba.

Na binne ta wurin sauran.

Lahadi, 29 ga Yuni

Hashimu ya dawo. Na san Zara ta ji ƙarar, na san ta ga gashi. Na zauna tsakar gida ina jiran kansa ya ɓullo ta katanga ya faɗi abin da zai faɗa, na ma shirya amsa. Bai leƙo ba. A masallaci ya miƙo hannu ya ce, "Sannu, Mansur." Mansur! Rabon da ya kira sunana tun muna makarantar boko.

Laraba, 2 ga Yuli

Ƙaramin ɗan shilar ya mutu. Hawwa ta ce Kumandan shi kaɗai yake ciyar da su, ya fita ya dawo, ya fita ya dawo, bai isa biyu ba. Ya rame har ƙashin ƙirji ya fito.

Saura ɗaya. Duk jinin Tanda a duniya shi ke nan, kuma a bakin Kumandan yake ci.

Asabar, 5 ga Yuli

Gero ya zube mini a kan katanga. Ban share ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Shaho na shawagi tun hantsi, daidai lokacin da farin nan ke fita kiwo. Na ɗauko bindiga na ɗora ƙaramin madubin Alassan. Na riƙe ta sako-sako yadda ya ce, don in gwada kawai. Na harba kusa da shi, ya canza unguwa. Kajin Hawwa nake karewa.

Laraba, 16 ga Yuli

Hawwa ta ce gashi ya fito wa ɗan shilar. Na ce wane launi? Ta ce ai na ce bai dame ni ba. Na ce tambaya ce kawai. Ta ce ruwan ƙasa, wuya fari.

Na fita gona ban ci tuwo ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Da hantsi ina tsakar gida ina gwada hannu a gwangwani. Sai na ji fuka-fuki. Ɗan shilar ne a kan katanga, tashinsa na fari, yana tangaɗi. Kumandan na gefensa, ramamme, gashin wuya duk ya zube.

Na sauke bindiga a hankali na jingine ta da rumbu. Sai ga kan Hashimu ya ɓullo. Ya dube ni, ya dubi bindiga, ya dubi tsuntsaye.

Ya ce, "Naka ne. In ya yi ƙwari ka ɗauke."

Na ce ɗaya ya rage, al'ada ba ta ce na wa ba.

Ya ce, "Ni na ce." Ya juya zai sauka, sai ya sake leƙowa. "Amma taubashi, don Allah in za ka sake harbi, ni za ka auna. Shi ne kawai zan san na tsira."

Hawwa ta ce dariya na yi. Tari ne ya sarƙe ni, har da hawaye. Na dai ce masa kansa ya yi girman da ko makaho ba zai kuskure ba, ya sauka yana ƙyaƙyatawa.

Ban yafe ba. Kada wani ya ce na yafe.

Na wanke tukunyar Auta na rataye. Na ga ɗan shila ba zai zauna shi kaɗai ba, ubansa zai riƙa biyo shi, sai na wanke ta kusa da ita ma.