Gorar Baba Sumarjo Tana Ƙarƙashin Gadona

Goggo Lastri, ki taimaka ki raba mana gardama, amma tun yanzu ina gaya miki, ba neman yadda zan ba da haƙuri nake ba.

Ni saurayi ne, a kasuwar Pakem nake taya ƙanin mahaifiyata sayar da kaji. Karatuna na Alƙur'ani ne a wajen Malam, kuma a can na koyi cewa yaudara yaudara ce ko mai furfura ne ya yi ta. Duk Lahadi bayan asuba nake fita da ƙungiyar masu keke ta unguwarmu, mu hau titin Kaliurang, mu tsaya mu sha shayi da soyayyar ayaba, mu gangaro. Kekena tsohon na kakana ne, birkinsa yana kuka kamar akuya. Ban damu ba. An san ni da tsokana, na yarda. Ni na ɗaure wa Yaya Teguh, shugabanmu, kwakwa biyu a jakar bayan kekensa, ya hau da su har sama yana zagin giyar keken. Kowa ya yi dariya, har shi.

To akwai Baba Sumarjo. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, ya haura saba'in. Kullum shi ne farkon isa saman tudu, ko haki ba ya yi. Kuma duk ranar Allah sai ya zo daidai ni ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Jikan keke, ko in turo ka ne?" A gaban 'yan mata, Goggo! Har na fara shan ɗanyen ƙwai da zuma don in kama shi.

Sai na lura da baƙar gorar da ke maƙale a jikin kekensa. Ko rana ta kai yaya, ban taɓa ganin ya kai ta baki ba. Ran nan na ce Baba sam min ruwa, ya ce wannan ruwan manya ne. Da aka shiga shan shayi na tsaya na shafa ta. Ashe batir ne, Goggo, ga 'yar waya ta shige cikin ƙarfen keken. Inji ne yake hawa da shi, ni kuwa ina shan ƙwai!

Lahadin da ta biyo na sayi baƙar gora irinta sak, na cika ta da ruwa, na musanya a ɓoye tun kafin mu fara hawa tudu. Niyyata in wuce shi in kaɗa masa ƙararrawa in ce ko in turo ka ne. Na wuce shi kuwa, na faɗa masa. Sai dai tsohon nan taurin kai gare shi, maimakon ya sauka sai ya miƙe a kan feda yana ta dannawa. Can ya zame ya zauna a bakin kwalbati, leɓensa ya yi fari. A bayan a-kori-kura aka mai da shi gida.

Ba wanda ya yi dariya. Yaya Teguh ya ja ni gefe ya ce kowa ya san da batirin, su suka haɗa masa bayan an yi masa aikin zuciya don kada ya daina fitowa. Na ce to ni me ya sa ba a gaya min ba? Ya ce saboda bakina ya fi kekena rashin birki.

Kin ji fa. Ni ne mai tsayawa yi wa kowa faci cikin ruwan sama, amma ban isa a ba ni sirri ba. Sun bar ni ina zama abin dariya duk mako, yanzu kuma ni ne mugu.

Baba ya samu sauƙi, amma bai ƙara fitowa ba. Ranar Asabar mai zuwa za a tashi doguwar tafiya zuwa bakin teku a Pangandaran, wadda na shekara ina ɗinka jakunkunanta da buhun abincin kaji. Sun ce idan Baba bai je ba, ni ma ba ni zuwa. Gorar tana ƙarƙashin gadona. Na rantse ba zan mayar ba sai ya tsaya gaban kowa ya ce injin ne ya riƙa wuce ni, ba shi ba. In sun tafi ba ni, zan bi su a baya, titi ba na uban kowa ba ne. Ki gaya musu ni ke da gaskiya, suna karanta filinki.

Jikan Keke, daga Pakem

*

Ɗana Jikan Keke,

Na yi dariyar kwakwar Teguh, ba zan ɓoye ba. Kuma zan fara da abin da kake son ji: an yi maka ba daidai ba. Wanda aka yarda ya yi faci cikin ruwan sama ya isa a ja shi gefe a gaya masa maganar nan. Baba ma ya so wasa da yawa. Mai hawa da taimakon inji ba shi ya kamata ya riƙa kaɗa wa mai hawa da cinyarsa ƙararrawa ba. Teguh, in kana karantawa, wannan rabonka ne.

Yanzu naka. Yaudara ita ce a ci wani abu da ba a cancanta ba. Me Baba ya ci? Ba tsere kuke yi ba, ba kofin gasa a saman tudun nan, shayi ne da ayaba. Abin da ya samu kawai shi ne fitowa cikin mutane ranar Lahadi maimakon zama a ɗaki yana sauraren ƙirjinsa. Ba ka san da ciwon ba, na yarda. Amma ka ga leɓensa da idonka, kuma ka rubuto min launinsa ba tare da na tambaye ka ba. Mutumin da bai damu ba ba ya riƙe irin wannan.

Sharaɗinka ba zai cika ba. Tsohon da ya gwammace ya faɗi a kwalbati da ya sauka ya tura keke ba zai tashi gaban jama'a ya yi maka jawabi ba. Rantsuwar kuwa, kai ka fi ni sanin kaffararta, ka tambayi Malam.

Ga abin yi. Ka fito da gorar, ka goge ta. Ka je gidansa da rana, kai kaɗai, kada ka aiki kowa. Ka gaishe shi yadda ake gaida kaka, ka nemi ganin keken, ka mayar da ita mazauninta da hannunka, ka haɗa wayar. Ka ce masa ba ka san da ciwonsa ba, domin gaskiya ce kuma ba ta rage ka da komai. Sannan ka ce tafiyar Pangandaran ba za ta yi daɗi ba in babu wanda za ka tsokana. Ka roƙi iyalinsa su ji ta bakin likita kafin Asabar. In an ce kada ya hau, ya shiga motar da za ta bi ku da kaya, ya kaɗa maka ƙararrawar daga can.

In kuma an bar shi, ka zauna kusa da tayarsa ta baya a kowane tudu. Zai tsokane ka, ka rama, yanzu kun san juna. Ka ɗauki gorar ruwa biyu, ɗana, domin kai ka fi kowa sanin tasa ba ta shayuwa.

Allah ya kai ku teku lafiya, ya dawo da ku a cike.

Goggo Lastri