Hayaƙin Rifkatu

Daren Asabar, Wuro Hausa

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan. Yau Rifkatu ta buɗe gidan abincinta a Jimeta, tebur shida, har da fanka da firij.

Na tuna ranar da ta iso kasuwa daga Michika lokacin gudun hijira, da tukunya ɗaya da zanin jikinta. Na ba ta gefen shagona ta kafa murhu, ba da son raina ba. Sau biyu ina korarta saboda hayaƙi yana kama mini atamfofi. Sai ta juya murhun, gobe kuma ta riga kowa zuwa. Matar nan ba ta san gajiya ba! Ranar da kasuwa ta watse don tsoron bam ma, ita ta fara dawowa ta hura wuta, muka bi bayanta muna jin kunya.

Yau a gaban fasto da jama'a ta miƙo mini makulli, ta kira ni yayarta da Fillanci. "Adda, ke za ki buɗe. Kin huta da hayaƙina."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban gaya mata cewa rabin masu sayen atamfata ƙanshin miyarta ne ke jawo su ba.

Da yamma na koma rufe shago. Gefen nan fes, an share. Na ɗauki turmin atamfa ɗaya na shinshina, hayaƙin na nan. Wannan kam ba na sayarwa ba ne.