Zaitun Arba'in da Bakwai

Zuwa ga 'yata Argiro, a Iraklio.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da jikata Hrisula kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a soja na koye shi, a tsaye.

Shekarar da ƙanƙara ta sauko har bakin teku ta kakkarya rassan garin nan, a ita na aurar da ke ga Pandelis. Da me ya zo? Gangaren dutse da zaitun daji, wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Ni na hau da wuƙata, na tsaga su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaura musu reshen bishiyar kakana. Arba'in da bakwai suka kama. Yanzu da kuka rabu, wai lauyansa ya ce ƙasar tasa ce tun kafin aure, bishiya kuma ƙasa take bi. Tun kakanninmu, wanda ya ɗaura reshe shi ke da bishiya. Wace makaranta ce ta soke wannan?

Jiya Pandelis ya shigo shagon kofi yana ƙamshin turaren matar nan mai kantin magani. Ya ce, "Suruki, ko in ce tsohon suruki? Bana in an tatsi mai zan aiko maka da kwalba guda." Na ce, "Riƙe abinka, ka shafa wa sanƙonka." Kowa ya yi dariya, ban da ni. Na wasa zarto. Zan yanke su daga ƙasan ɗaurin, in bar masa dajinsa yadda ya zo da shi.

Allah ya tsare ku.
Mahaifinki, Zaharis

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina sumbatar hannunka.

Don Allah ka rataye zarton nan. Lauyata ta ce gaskiya ne ƙasar tasa ce, amma abin da ya ƙaru a kanta cikin zaman aure ina da rabo a ciki. Bishiyoyin nan su ne shaidata. Kotu za ta turo masani ya duba su. In ya tarar da kututture, na tashi a tutar babu, kai kuma a kai ka gaban alƙali da shekara tamanin da ɗaya. Kana shan maganin hawan jininka?

'Yarka, Argiro

Argiro,

Bayan gaisuwa, masaninku ya zo da takalmin birni. Ya nuna wata bishiya ya ce shekararta ashirin. Na ce, "Ashirin da shida, malam, ranar da na ɗaura ta aka binne Fada Yerasimos." Ya ce ba ya rubuta jana'iza. Na ce, "To rubuta ashirin da shida." Ya rubuta.

Zarto yana rataye, saboda ke kaɗai. Magani kuma ba ruwanki.

Zaharis

Baba,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta.

Na sa hannu jiya. Wata goma sha huɗu ina hawa da sauka a matakalar kotu, Hrisula ta daina cin abinci duk ranar da za a zauna. Na gaji. Ga yadda muka daidaita: gangaren da bishiyoyin duka an rubuta su da sunan Hrisula, ba mai sayarwa, ba mai jinginarwa. Amma amfanin da suke bayarwa na Pandelis ne muddin yana raye. Shi zai karkaɗe, shi zai tatsa.

Na san abin da za ka ce. Amma ka sani, duk wadda ka kashe yanzu, ta jikarka ka kashe. Ka yafe mini da ban shawarce ka ba.

'Yarka mai biyayya, duk da ba ka yarda ba,
Argiro

'Yata,

Gaisuwa da sa albarka.

Na karanta sau uku. Wato jiki na Hrisula, 'ya'ya na wancan. To, madalla. Ba zan kashe ko ɗaya ba, na rantse da kabarin uwarki.

Sai dai bishiyoyin yarinyar nan sun sha wuya. Shekara da shekaru yana dukansu da sanda, bai taɓa rage musu reshe ba. Irin wannan, kakana yakan sare manyan rassan duka, ya bar kafaɗu uku, wato guntayen rassa, sama da ɗaurin. Bishiya takan dawo yarinya, ta ƙara shekara ɗari. Illa dai takan yi shekara biyar ba ta ba kowa ko cikin cokali ba. Hrisula shekararta goma sha ɗaya, ba ta gaggawa.

Kada ki wahalar da lauyarki, kafin wasiƙar nan ta iso gare ki na yi nisa da aikin. Ki sumbaci yarinyar. Gobe da sassafe zan ɗora wa jaki tsani, in fara da jeren da ake hangowa daga tagar kantin magani.

Mahaifinki, Zaharis