Ku Cire Ƙofar Gidanmu Daga Waƙar Asabar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban gidan talabijin mai watsa shirin kiɗan gargajiya na ranar Asabar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, za ka ga babu adireshi a saman wannan wasiƙa, babu suna a ƙasanta. Ba rashin ladabi ba ne. In ka karanta za ka ga dalili.

Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, ina zaune a Doha, unguwar Matar Ƙadim. Maigidana gyaran injuna yake yi a wani kamfanin gas. Babbar 'yarmu, mai shekara goma sha shida, mun bar ta gida wajen mahaifiyata, Inna, don ta ƙarasa sakandare.

Shirinku ya girmi aurena. Tun ina yarinya muke leƙensa ta tagar maƙwabta a talabijin marar kala. Da muka zo ƙasar nan na ɗauka mun rabu ke nan, sai ga shi kun hau tauraron ɗan'adam, kun hau intanet. Duk Asabar, ku kuna la'asar mu muna jiran magariba, nakan jingina waya jikin kwalbar mai a kicin, kukuma tana kuka ina tuƙa tuwo. Ba maƙiyiyarku ce ke rubuto maka ba.

Na farko, zan fara da laifina. Ban yi boko ina ƙarama ba. Sai da na yaye 'yata na shiga ajin yaƙi da jahilci, wajen Malama Hajara. Ita ta koya mana cewa wasiƙa ba ta cika sai da adireshi a sama: gida, layi, unguwa, gari. In ka manta, sai ta ja maka jan biro. Da mai gabatar da shirinku ya ce 'yan ƙasar waje su aiko gaisuwa ta waya, sai na zauna na rubuta da hannuna, ban nemi kowa ya duba mini ba. Na sa adireshin gidan Inna a sama yadda aka koya mini. Na gai da ita, na gai da 'yata da sunanta da sunan makarantarta, na roƙi a yi mata addu'ar jarrabawa. Ina alfahari na aika. Na ɗauka gaisuwar kaɗai ake karantawa.

Na biyu, abin da ma'aikatanka suka yi da ita. Mai gabatarwa ya karanta ta tun daga layin farko, bai tsallake ko harafi ba. Sanƙiran makaɗin, wanda aikinsa shi ne kururuta duk sunan da ya ji, ya cafe. Kafin kalangu ya juya, maigidana ya zama Alhaji mai rijiyar gas a ƙasar Larabawa, 'yata ta zama 'yar gwal mai kwana kan riyal. Sanƙiran ya kira layinmu, ya kira shuɗiyar ƙofar Inna da ke bayan masallaci, domin ashe ya san unguwar. Ranka ya daɗe, ɗaki biyu muke haya. Mutumin da aka ba rijiyar gas, motar kamfani ke ɗaukarsa da asuba, ya dawo rigarsa tana warin mai.

A da, in aka wasa mutum a shirinku, maganar takan wuce tare da kiɗan, kuma iyakarta inda eriyarku ta kai. Yanzu kun ajiye ta a intanet. An yanko wurin, yana yawo a wayoyi. Har wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos da muke haɗuwa a Korniche, bakin teku, ta nuna mini shi tana yi mini murna. Wanda ya kalla sau ɗaya yana iya mayarwa ya sake ji, har ya haddace hanya.

Na uku, abin da ya biyo baya. Kwana tara da shirin, mai ƙosai ta bakin layinmu ta shigo wajen Inna ta ce wasu mutum biyu a kan babur, fuska a rufe, sun tsaya ba su sayi komai ba, sun tambaye ta wace ce shuɗiyar ƙofa. Ta ce musu ita baƙuwa ce. Bayan kwana biyu aka kira wayar Inna. Mai kiran bai yi sallama ba. Ya ce saƙo ne daga baban yarinya a Qatar, ƙarfe nawa take tashi daga makaranta? Babanta bai aiki kowa ba. Shekaranjiya kuma babur ɗin ya dawo, bai tambayi kowa komai ba. Ya tsaya daura da masallaci har aka idar da azahar, sannan ya tafi.

Ka fi ni sanin abin da ke faruwa a yankinmu a shekarun nan, da irin gidajen da ake nema. Ƙanena ya kai rahoto wajen 'yan sanda, an rubuta. Ya sake wa ƙofar fenti. 'Yata ta koma kwana gidansa, amma jarrabawa ba ta sauya wuri. Makarantar da kuka kira sunanta, can za ta je kowace safiya har mako uku. Ni fasfona yana ofishin kamfani ana sabunta takardar zama. Maigidana ba ya fita ƙasar nan sai kafil, wato uban gidan aikinsa, ya sa hannu, kuma an ce masa sai bayan wata. Inna, mai ciwon gwiwa, ita ke zama a zaure da carbi.

Na huɗu, na nemi a yi wannan a ɓoye. Sau uku na rubuta wa lambar shirin, ba amsa. Da na kira, wanda ya ɗauka dariya ya yi, ya ce mutane roƙo suke a ambace su, ni an yi mini kyauta ina ƙorafi. Sannan a shirin da ya wuce, da kunnena na ji makaɗin ya ce ya haɗa wa Alhajin Qatar waƙa sukutum, zai rera ta Asabar mai zuwa, kai tsaye. Yau Laraba. Shi ya sa na fito fili da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka hana waccan waƙa. Ka gaya wa makaɗin da sanƙiransa mun gode, ba mu raina sana'arsu ba, amma su bar mu.

Ka sa a sauke shirin daga shafinku, ko a yanke wurin. Na san ba za ka iya shiga wayoyin jama'a ba. A dai rufe inda ake ɗibowa.

Ka sa mutum mai hankali ya riƙa duba saƙonni kafin a karanta. Akwai iyaye mata da yawa irina a Jidda da Doha da sauran wurare, waɗanda suka koyi rubutu da girma, kuma kowace an koya mata ta fara da adireshi.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka taɓa jin baƙo yana tambayar ƙarfe nawa 'yarka take tashi daga makaranta.

Ranar Asabar zan jingina waya jikin kwalbar mai kamar kullum. Ba kiɗa zan saurara ba. Bakin sanƙira zan tsura wa ido.

Malama Hajara, in wannan ta iso gare ki, ki gafarce ni, na bar saman takarda fari.

Wassalam.

Uwar yarinyar da kuka kira sunanta.