Kujerar Bakin Ƙofa

Omdurman, Talata

Yaya Salahuddin,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Mawahib da yara. Inna Dela na gaishe ka.

Na rubuto ne domin a ofis kai mudir ne, shugaban kowa, ba ɗan baffana ba, kuma ka hana ni yi maka Hausa a can. Yaya, abin jiya ya yi yawa. Ka haska aikina a bango gaban kowa, kana karanta layukan manhajar da muryar yara, Wa'il abokin aikinmu na dariya har da buga tebur. Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma an hana motoci hawa kubri, gadar nan, da ƙafa na tsallako Nilu, na iso a makare kuma babu wuta. Da ina son aikin nan. Yanzu in na hango ginin sharikar, kamfanin naka, sai in ji kamar in koma gida. Don Allah in na yi laifi, ka kira ni gefe.

Ƙanwarka,
Ni'imatu

Khartoum, Alhamis

Ni'imatu,

Wa alaikis salam. Muna lafiya.

Kin ɗauka fushi ne? Ban yi fushi ba. Na zaɓe ki ne. Tun da na kawo ki ake raɗa cewa na cika ofis da dangina. In suka ga abin da nake yi wa jinina, kowa zai san matsayinsa. Ga shi tun ranar babu wanda ya makara. Kin yi mini amfani fiye da duk abin da kika taɓa rubutawa.

Iyayenmu sun tsinci auduga a Jazira, ba wanda ya tambaye su ko suna jin daɗi. Ki daina kuka a banɗaki, ana jiyo ki.

Yayanki,
Salahuddin Dabo

Omdurman, Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Wata guda ban rubuto ba, ka kuma maimaita abin da ka yi mini sau da yawa, har sabbin ma'aikata sun daina zama kusa da ni wajen shayi.

Na je Bahri. Wata ƙaramar sharika mai yi wa masana'antu manhaja ta gwada ni, ni da Hala abokiyar aikina. Shugabarsu ta zauna kusa da ni, ta tambaye ni dalilin yadda na tsara aikin, ta saurara har na gama. Na manta ana yin haka. Sun ce za su ɗauke ni, saura su kira ka. Ba na roƙon yabo. Ka ce na yi aiki a wurinka, shi ke nan. Kai ma ka huta da raɗa.

Allah ya ƙara girma.
Ni'imatu

Khartoum, Lahadi

Ni'imatu,

Salam. Sun kira. Na ce kina da ƙwaƙwalwa, amma ba ki da juriya, kuma ni da nake ɗan'uwanki ba zan ba su shawarar ɗaukarki ba. Matar ta yi godiya da gaskiyata. Hala suka ɗauka, na yabe ta sosai.

Duk masu sharika a garin nan, daga Bahri har Soba, mun san juna, kada ki wahalar da ƙafarki. Aikinki na nan. Na mayar da kujerarki bakin ƙofa, kuma daga yau Wa'il ne zai riƙa duba abin da kika yi. Wanda zai bar ni, ni nake sallamarsa.

Ki gaida Inna.
Salahuddin

Omdurman, Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Zan zo gobe.

Inna ta ga na rame, ta tambaye ni ko kana kyautata mini. Na ce e. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa maka albarka, ta ce in isar. Na ce amin, don tana kallona.

Na isar.

Ni'imatu